Benen Gilashi: Mai Gida Ya Sha Yabo, Ɗan Haya Ya Biya Kuɗin Wuta

Duk wanda ya bi babbar hanyar nan mai lamba ɗaya da ta tashi daga tsakiyar birnin Lome ta ratsa Agoe da Zango ta miƙe arewa, zai ga yadda benaye ke tsirowa dama da hagu kamar an yi shuka da damina. Wani hawa uku, wani hawa huɗu, ƙasa shaguna, sama ofisoshi da ɗakunan ajiyar kaya, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka gama a 'yan shekarun nan an lulluɓe gabansu da gilashi, wani fari, wani shuɗi, wani kore, wani baƙi wuluk. Daga nesa abin gwanin ban sha'awa. Amma in mutum ya matso kusa wajen la'asar, sai ya ga abin da ke bayan gilashin. Nan an manna kwali, can an liƙa tsohuwar jarida, wannan ya rataya tabarmar roba, wancan ya jingina katifa. Mutanen da ke ciki suna ta faman toshe tagar da mai gida ya kashe miliyoyin sefa ya buɗe.

Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da 'yan kasuwarmu za su zauna su yi wa wannan al'amari lissafi irin na kasuwa, domin ta kowace fuska aka duba mu ne a ciki. Alhazanmu na cikin masu gina waɗannan benaye, 'yan'uwanmu na cikin masu shigo da gilashi da aluminiyom daga Chaina da Dubai da Turkiyya ta tashar jiragen ruwan Lome, kuma mu ne ke kama hayar shagunan muna biyan kuɗin wuta wata bayan wata.

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gano inda wannan sha'awa ta samo asali. Dattawanmu na ba da labarin yadda a shekarar 1977 hukuma ta rushe tsohon Zango da ke tsakiyar gari, aka kwashe iyayenmu aka kawo su nan bayan gari, kimanin kilomita 15 arewa. A filin da suka bari ne manyan gine-ginen bankuna suka tashi, shi ya sa har gobe ake kiran wajen Zongo-BTCI. A 1980 kuma aka buɗe otal ɗin 2 Février mai tsayin sama da mita 100, wanda gilashinsa ke ƙyalli tun daga nesa. Yaron da ya tashi a sabon Zango yana jin cewa a unguwar kakansa aka kafa benen banki, in Allah Ya buɗa masa, ba abin mamaki ba ne ya so nasa ginin ya yi kama da na bankin. Daga baya aka shiga zirga-zirgar Dubai da Guangzhou, ido ya ƙara buɗewa. Ba mu ga laifin kowa a nan ba. Sai dai banki da babban otal suna ɗaukar injiniyoyi su zaɓa musu irin gilashin da za a sa, suna da na'urar sanyaya gini gaba ɗaya, suna da janareto da masu kula da shi, kuma kuɗin wuta ba ya hana su barci. Mu kuwa babbar rigar muka kwaikwayo, muka manta da aljihun da ke ɗaukar nauyinta.

Ga yadda abin yake. Farin gilashi na gama-gari mai falle ɗaya, irin wanda masu aikin aluminiyom ke sa wa yawancin gine-ginenmu, yana barin fiye da kashi 80 cikin 100 na zafin ranar da ya faɗa kansa ya wuce ciki. In zafin ya shiga ya sauka a kan tayil da kanta da kaya, sai su ɗauka su riƙa fitar da shi sannu a hankali, kuma wannan zafin na biyu ba ya iya komawa waje ta gilashin kamar yadda ya shigo. Duk direban da ya taɓa kulle motarsa a rana a bakin iyakar Aflao ya tafi cika takardu ya dawo ya kama sitiyari, ya san abin da muke faɗa. Masu cewa ai sun sa shuɗi ko baƙi, su sani cewa rinannen gilashi mai falle ɗaya ya fi rage haske a kan zafi. Shi kansa yakan sha rana ya yi zafi har a kasa ɗora masa hannu, sannan ya huro wani kaso ciki, ta yadda galibi fiye da rabin zafin yana shiga duk da haka. Ga ɗakin ya yi duhu sai an kunna fitila da rana tsaka. Mai kama da madubi ya fi waɗannan mayar da zafi, amma ina yake mayar da shi? Kan maƙwabci da idon masu tuƙi. A birnin Landan a 2013, hasken da wani dogon bene mai lanƙwasasshen gilashi ya tattara ya narkar da wasu sassa na motar da aka ajiye a gefen titi, sai da aka yi wa benen shinge daga waje.

To, bari mu yi lissafin. A ranar da gari ya yi garau, ranar yamma da ke dukan bango kai tsaye tana iya zuba wat 600 ko fiye a kan kowane murabba'in mita, wato kusan wat 500 ke nan ke wucewa ta farin gilashi. Shagon da gabansa ke da faɗin mita 4 da tsayin mita 2 da rabi yana da murabba'in mita 10 na gilashi, saboda haka wat 5,000 na zafi ke kwararowa ciki a lokacin da rana ta fi ƙarfi. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda mutanen nan ke kira kilim, na Najeriya kuma su ce iyakwandishan, mai ƙarfin doki ɗaya tana iya fitar da zafin da bai wuce wat 2,600 ba. Ke nan na'ura biyu cur suna aiki ne kawai don kwashe abin da gilashin ya shigo da shi, tun ba a yi maganar mutane da fitilu da firji da zafin rufi ba. Kowace ɗaya tana jan wutar da ta kai wat 800 zuwa 900. In aka ɗauki awa 3 kacal na ranar yamma, kimanin kilowat-awa 5 ke nan a yini, a kwana 26 na kasuwa ya kama kilowat-awa 130. Kowa ya ninka wannan da farashin da yake biya a ƙasarsa, sannan ya tuna cewa shago ɗaya muke magana a kai, a benen da ke da shaguna goma ko ashirin.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman wanda ba mu cika lura da shi ba. Lome tana kusa da tsakiyar duniya, digiri 6 kawai arewa da layin da ya raba ta biyu, don haka da tsakar rana rana tana can sama kusan bisa kai duk shekara. Bangon da ke kallon kudu ko arewa ba ya shan wahala sosai, amma mai kallon gabas yana sha da hantsi, mai kallon yamma kuma yana sha tun daga bayan azahar har zuwa kusan faɗuwar rana, a daidai lokacin da gari ya riga ya ɗauki zafi. Hanyar da Zango ke bakinta ta tashi ne daga kudu ta nufi arewa, ta bi ta Atakpame da Sokode da Kara da Dapaong har Sinkase. Ma'ana, duk shagon da ya fuskanci wannan titi, ko dai gabas yake kallo ko yamma. Wanda ke hannun dama in ana tafiya arewa shi ne mai kallon yamma, shi ne kuma ya fi shiga uku. Hanyar bakin teku kuwa, daga Aflao zuwa Aneho da Sanvee-Condji da Hillacondji, ta gitta ne daga yamma zuwa gabas, shagunan da ke bakinta na kallon kudu ko arewa, nasu da sauƙi. Amma sai ka ga zanen gini ɗaya aka ɗauko daga hoton waya aka dasa a duka wuraren biyu, babu wanda ya ɗaga kai ya dubi inda rana ke faɗuwa.

Da a ce wutar lantarki a yalwace take kuma da araha, da sai mu ce kowa ya yi abin da ya ga dama da kuɗinsa. Ba haka abin yake ba. Idan dai ba a manta ba, a 1998 da ruwan madatsar Akosombo ta Ghana ya ja baya, Lome ta yi watanni cikin duhu, aka sake ɗanɗana irin wannan a 2006 da 2007. Ƙasar nan ta yi ƙoƙari tun daga lokacin. Bayan madatsar Nangbeto da ke kan kogin Mono tun 1987, an buɗe tashar ContourGlobal mai megawat 100 a 2010, sannan a 2021 aka ƙara tashar Kekeli mai megawat 65 da ta hasken rana da ke Blitta. Duk da haka Togo na sayen wani kaso na wutarta daga maƙwabta, kuma a 2024 da iskar gas da ke zuwa daga Najeriya ta yi ƙaranci, sai da kamfanin CEET ya riƙa raba wuta unguwa-unguwa. A watan Mayun 2025 kuma aka ƙara kuɗin wuta da matsakaicin kashi 12.5 cikin 100. Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki da fankoki na cinye kusan kashi 10 cikin 100 na duk wutar da ake sha a duniya, kuma bukatar na iya ninkawa uku kafin 2050. Kowane bene da aka lulluɓe da gilashin banza ƙarin kaya ne a kan taransifomar unguwa, wadda mai niƙa da tela da mai sayar da ƙanƙara su ma da ita suka dogara.

Ranar da aka ɗauke wuta kuwa, nan ne asirin benen gilashi ke tonuwa. Tagar da ake turawa gefe rabinta kawai ke buɗewa, manyan fallayen da aka kafe kuwa ba sa buɗewa ko kaɗan. Mai rumfar kwano a bakin titi yana shan iska, mai shagon miliyoyi ya fito waje yana fifita da kwali.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa ake ci gaba da yin haka? Amsar a fili take: wanda ya zaɓi gilashin daban, wanda ke biyan wutar daban. Mai gida ya biya sau ɗaya, ya nemi mafi araha, ya karɓi kuɗin hayarsa tun kafin a shiga. Ɗan haya ne zai yi ta loda kati. A wani shirin 'yan kasuwa da mai wannan sharhi ke gabatarwa a gidan rediyon unguwa, wani matashi mai sayar da wayoyin hannu ya bugo ya ce tun da ya koma sabon shago mai gilashi, mitar nan ta kati da ake kira Lafia ta hana shi zaman lafiya. Ya ce ya je ya sami mai gidan ya durƙusa ya ce, “Baba Alhaji, a taimaka a bar ni in kafa 'yar rumfa a gaban shagon nan, da kuɗina zan yi.” Dattijon ya ce, “Haba ɗana, so kake ka ɓata mini fuskar gini?” Ba mugunta ba ce ta sa ya faɗi haka, bai taɓa zama a cikin shagon da la'asar ba ne. Wata shida bayan nan yaron ya tashi, shagon ya yi watanni a rufe. Mai gidan da ke ganin ba ruwansa da kuɗin wuta, ta nan nasa kason asarar ke biyo shi.

Ba wuta kaɗai ba ce ma. Masu atamfa da shadda da leshi sun san abin da rana ke yi wa turmin da aka baje a bayan gilashi: gefe ɗaya ya koɗe, sai a karya farashi ko a mayar da shi na talla. Turare yana canza ƙamshi, man shafawa yana narkewa, batirin waya yana lalacewa, magani kuwa mafi yawansa an rubuta a jikin kwalinsa kada a ajiye shi a zafin da ya wuce digiri 25 ko 30. Wannan asara ba ta fitowa a takardar kuɗin wuta, amma daga uwar kuɗi take fita.

Maganin farko, wanda ya fi kowane araha kuma ya fi aiki, shi ne a tare rana tun tana waje. Labule da kwali da ke ciki suna kare ido ne kawai, domin zafin ya riga ya ƙetare gilashin. Inuwa daga waje ita ce ke hana shi isowa. Ga tagar da ke kallon kudu a nan Lome, rumfar kankare ko ta kwano da ta fito da ɗan fiye da rabin tsayin tagar ta isa ta rufe ta da tsakar rana ko da a watan Disamba ne, lokacin da rana ta fi karkata kudu. Wato taga mai tsayin mita 1 da rabi tana bukatar rumfar da ta kai santimita 85 zuwa 90. Mai kallon arewa kashi ɗaya cikin uku na tsayinta ya wadatar. Gabas da yamma ne masu wuya, saboda rana na shigowa a kwance ta ƙarƙashin rumfa. A nan sai baranda mai zurfi, ko faifan ƙarfe ko na kankare da aka jera a gaban tagar, ko bulo mai huda irin wanda magina ke kira kulostara, ko rumfar tamfol da ake saukewa da yamma a naɗe da safe, ko kuma itacen darbejiya ko na mangwaro ga hawa na ƙasa. Mafi sauƙi duka shi ne tun wajen gini a rage girman gilashin a wannan ɓangare. Ɗan kasuwa na bukatar wajen nuna haja, gaskiya ne, amma me ɗakin ajiyar kaya da ke hawa na uku zai yi da gilashi daga ƙasa har sama?

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tsohuwar fadar gwamna da Jamusawa suka gina a bakin teku tsakanin 1898 da 1905, wadda aka gyara aka buɗe wa jama'a a 2019 da sunan Palais de Lomé, tana da faffaɗar baranda da ke ba ɗakuna inuwa tana barin iskar teku ta ratsa. Kakanninmu a Kano da Katsina da Zariya sun bi wata hanyar daban, suka yi katanga mai kauri da ƙananan tagogi can sama, kamar yadda ake gani a Gidan Makama. Kowannensu ya dubi garinsa ne. A bakin teku zafin ba ya cika wuce digiri 32 ko 33, laima ce ke damun mutum, don haka iska ake nema. A Sinkase da Dapaong da Mango, inda ake kai digiri 40 a Maris da Afrilu ga ƙurar hunturu, bango mai kauri da ƙaramar taga su ne abin yi. Masu karatunmu na can arewa su yi hattara da kwaikwayon ginin Lome, balle na Dubai. Su kansu Larabawan sun fara dawowa daga rakiya: tagwayen benayen Al Bahr da aka kammala a Abu Dhabi a 2012 an yi musu wata riga daga wajen gilashin, mai buɗewa da rufewa tana bin rana, bisa dabarar tagar katako mai huda-huda ta gidajen Larabawa na da.

Haka nan tagar nako, mai fallaye da ake ɗagawa a sauke, wadda yanzu ake yi wa kallon ta talaka, ta fi tagar turawa ba da iska nesa ba kusa ba, domin kusan dukkanta ke buɗewa. Aibinta shi ne ba ta riƙe sanyin na'ura. Saboda haka mai gini ya yanke shawara ɗaki-ɗaki: wanda za a sa wa na'ura a rufe shi ruf, a toshe duk wata kafa a jikin firam, wanda ba za a sa wa ba kamar matakala da sito da masallacin bene a bar shi ya sha iska.

Sai maganar gilashin kansa, kuma a nan muna kira ne ga 'yan'uwanmu masu shigo da shi. Kowane gilashin kirki yana zuwa da takardar masana'anta mai ɗauke da lambobi. Wadda ta fi muhimmanci a ƙasarmu ita ce mai nuna yawan zafin rana da ke wucewa, a takardun Turai ana rubuta ta da harafin g, a na Amurka da wasu masana'antun Asiya kuma SHGC. Farin gilashi mai falle ɗaya yana wajen 0.85. Mai falle biyu da aka yi wa wani siririn shafi na ƙarfe, galibi azurfa, wanda ido ba ya gani, yana saukowa tsakanin 0.25 da 0.40, kuma mai kyau a cikinsu yana barin rabin haske ko fiye ya shiga, ba sai an kunna fitila ba. Wato shagon nan da muka yi wa lissafin na'ura biyu, ɗaya ma ta yi masa yawa ta fuskar gilashi. Amma a kula, falle biyu kaɗai ba tare da shafin ba ba ya tsinana abin a zo a gani, domin lambarsa na nan wajen 0.75. An ƙirƙiro shi ne don ƙasashen sanyi, inda bambancin ciki da waje ke kai digiri 20 ko 30. A Lome bambancin bai cika wuce digiri 7 ba, kuma zafin da ke ratsowa ta jikin falle ɗaya saboda wannan bambanci kimanin wat 40 ne a murabba'in mita, ina shi ina wat 500 na rana? Duk wanda ya biya kuɗin falle biyu bai tambayi lambar g ba, ya sayi bargo ne a bazara.

Irin wannan hattara ake bukata da tagogin gwanjo da ke shigowa daga Turai. Da yawansu an yi su ne don su bar rana ta shiga su kuma riƙe ɗumin ɗaki, akasin abin da muke nema. Na ƙasar zafi shafinsa yana jikin fallen waje ne ta fuskar ciki, in mai aiki ya juya shi baibai an rage masa amfani. Akwai gwajin da kowa zai iya yi a wajen saye: a kunna ashana ko laita kusa da gilashi mai falle biyu, za a ga hoton wutar guda huɗu, in ɗaya ya bambanta da sauran a launi, to akwai shafi a wannan fuska. Wannan yana nuna akwai shafin ne kawai, bai maye gurbin takardar masana'anta ba. A kuma dubi bakin da aka liƙe fallayen, domin in liƙin ya saki, laimar bakin teku na shiga tsakani gilashin ya yi hazo, babu kuma yadda za a goge shi.

Ga benayen da aka riga aka gama, ba a ce a fasa a sake ba. Benen Empire State na birnin New York mai hawa 102, wanda aka gina a 1931, yana da tagogi 6,514. A 2010 aka ciro su rukuni-rukuni, aka gyara su a wani ɗakin aiki da aka buɗe cikin benen, aka sa musu siririyar leda mai shafi da iskar gas tsakanin fallayen, aka mayar, kuma an sake amfani da kusan kashi 96 cikin 100 na tsohon gilashi da firam. Yana cikin gyare-gyaren da aka tsara don rage wa ginin shan makamashi da kashi 38 cikin 100. In masu dala sun ga gyara ya fi sauyawa riba, ina ga mu? Namu gyaran shi ne rumfa da shinge daga waje, sannan ledar mannawa ta gine-gine, wadda mai kyau a cikinta kan rage zafin da ke shiga da kusan rabi. Ba irin ta motoci mai arha muke nufi ba, wadda kan koma ruwan hoda ta yi ƙuraje bayan damina biyu. Mai duhu sosai kuma tana sa gilashi ya yi zafi har ya tsage, musamman in bakinsa na da rauni tun wajen yanka. A fara da ɓangaren yamma, a duba mita wata ɗaya, sannan a san ko za a ci gaba.

Ta ɓangaren hukuma, ƙa'ida ba ta yi ƙaranci ba. A 2017 Najeriya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta ce kada taga ta wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai in an yi mata inuwa. A watan Yunin 2020 ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe 8 masu amfani da sefa, ciki har da Togo da Benin da Nijar da Burkina Faso, ta zartar da umarni kan tsimin makamashi wajen gina gidaje, da wani kan liƙa wa fitilu da na'urorin gida takardar da ke nuna yawan wutar da suke sha. Abin da muke roƙo shi ne ofisoshin da ke ba da izinin gini su riƙa tambayar ina bene ya fuskanta da kuma irin gilashin da za a sa, kamar yadda suke tambayar takardar fili. Hukumomin kwastan na yankin su ma su duba yiwuwar sassauta haraji a kan gilashi da leda masu tare zafi, domin muddin na banza ya fi araha da nisa, shi ɗan kasuwa zai ɗauko. Makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin masu aikin aluminiyom kuma su koya wa yaransu karanta waɗannan lambobi, tunda a mafi yawan gine-ginenmu mai aluminiyom ne injiniya, shi ne mai ba da shawara.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na da nasu aikin. Bayan gobarar kasuwannin Kara da Lome a Janairun 2013, da ta Agoe-Assiyeye a Disambar 2023, duk inda aka zauna maganar sake gini, abin da ya fi cin lokacinmu shi ne wa zai sami wane shago da kuma nawa za a biya. Ya kamata shugabanninmu su riƙa neman ganin zanen tun yana kan takarda, a nan ko a Sinkase ko a kowace kasuwar kan iyaka, su tambayi ta ina iska za ta shiga, wace taga ce ke buɗewa in an ɗauke wuta ko hayaƙi ya turnuƙe, kuma wa zai biya wutar harabar da ta haɗa kowa.

Shi kuma mai neman shago, kada ya je dubawa da sassafe lokacin da dillali ya fi son kai mutane. Ya koma wajen ƙarfe uku da rabi na yamma, ya sa a kashe na'ura, ya tsaya minti goma a ciki, ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin da kuma kan tayil ɗin da rana ke bugu. Ya tambayi na kusa da shi nawa yake lodawa a mita cikin watan Maris. In ya ga zai kama duk da haka, to a rubuta cikin yarjejeniyar haya, a gaban shaidu, cewa yana da izinin kafa rumfa ko manna leda, a kuma faɗi wanda zai biya da yadda za a cire kuɗin daga haya, tun kafin ya miƙa kuɗin watannin farko.